Murɗin Bahago

Da hantsi aka aiko kirana Jega,
'yan kwana-kwana sun naɗe tiyo sun wuce.
Na tarar da gida tsaye ba hula,
kwano ya lanƙwashe kamar ganyen da ya sha rana,
ƙauri na bin mutum har cikin haƙori.

Alhaji Attahiru mai albasa na zaune kan bulo,
yana lissafi da yatsu, yatsun sun kasa:
firiji, keken ɗinkin Hajo, katifu uku,
kuɗin buhu arba'in da ya ɓoye a silin.
"Rai dai ya tsira," in ji jama'a.
Ya tsira.
Amma hannun 'yar autarsa na asibiti,
ba a san yatsa nawa zai dawo gida ba.

Ni toka nake karantawa.
Shekara talatin da huɗu ina bin bango da filaya,
na san waya ba ta iya ƙarya in ta ƙone.

Ga shi kuwa ta faɗa mini:
'yar siririya, irin ta lasifika,
aka ɗora mata hita da dutsen guga,
kamar a aza wa ɗan akuya kayan raƙumi.
Inda fis ya kamata ya kwana,
ya mutu shi kaɗai don gida ya rayu,
ƙusa na gani, mai inci uku,
ta yi baƙi, ko gezau ba ta yi ba.
Na zagaya bayan ɗaki neman sandar ƙasa,
na tona, na tona.
Kashin kaji kawai.

Sai na kai mahaɗa.
An naɗe ta da ledar burodi.
Na ɓare da farce, na ga murɗin ya tafi hagu,
sau uku, da ɗan wutsiya a sama.
Gwiwata ta yi sanyi.

Muntari.
Bahagon yarona mai saurin hannu,
wata biyar ya riƙe mini tsani,
ya koyi ja da baƙi, bai tsaya jin kore ba.
Ya sayi testa ta ɗari biyar,
ya soke a aljihun gaba,
kasuwa ta fara ce masa injiniya.

Alhaji, kalle ni.
Bara na yi maka kuɗin aikin nan, ka yi dariya,
ka ce, "Wuta dai ta kawo, mi ya rage?"
Yaro ya karɓi sulusi, ka ji ka ci riba.
Yau ga cikon, an biyo ka da shi.

Ni ma ban fita ba.
Ran da ya tafi, ko ƙofa ban leƙa ba,
na ce bakin ci ɗaya ya ragu.
Na saki rabin sani cikin gari
kamar wanda ya kwance kare ya koma barci.

Mai tuƙa tifa sai ya nuna lasisi,
mai yin allura sai da takarda,
amma mai shigo da tsawa ɗakin yara
ya kwantar da ita bayan gado,
ba mai tambayarsa wa ya yaye shi.
A sa mana jarrabawa, har ni mai furfura.
A zo a duba bango kafin a liƙa mita.
Wanda ya faɗi, ya koma riƙon tsani,
ba kunya ba ce.

Na sa mahaɗar a aljihu.
An ce yana Aliero, yana wa wata makaranta waya,
ɗakin kwanan yara sittin.
La'asar ta gabato.
Babur ɗina ba fitila,
amma zan je.